Ciwon Ya Girmi Tallan: Martani kan Rashin Natsuwar Ƙafa

Malam, na karanta rubutunka na kwanakin baya a kan manyan kamfanonin magunguna, da yadda ka ce suna ƙirƙiro cuta don su samar wa ƙwayoyinsu kasuwa. A tsaye na karanta shi, wajen ƙarfe biyu na dare, ina kai da komo tsakanin kicin da falo, domin a irin wannan lokacin wani daren zama ba ya yiwuwa gare ni. Babban misalin da ka kafa hujja da shi, wato ciwon da Turawa ke kira rashin natsuwar ƙafa, shi ne ya hana ni kwanciya a daren. Shekara 27 ke nan ina tare da shi.

Ka ce ciwon na tallan talabijin ne. Ka ce kowa ƙafarsa kan gaji ko ta ɗan motsa da dare, sai wani kamfani ya raɗa wa abin suna, ya tsorata mutanen Amurka, ya kwashi kuɗinsu. Ka kuma ce marasa lafiyar da suka yi ta ƙorafi lokacin da 'yan jarida suka soki tallan, kamfanin ne ya yi musu wankin ƙwaƙwalwa har suka koma kare shi. A kan halin kamfanonin, rabin maganarka gaskiya ce, kuma zan ƙara maka wasu hujjojin da ba ka kawo ba. Amma a kanmu, mu masu ciwon, ka yi kuskure, kuma kuskuren ya riga ya isa wani gida a Zariya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara gaya maka yadda abin yake, tunda na lura duk rubutun babu muryar mai ciwon ko ɗaya. Ba minjirya ba ce, ba ɗaurewar jijiya ba ce, ba kuma sanyin ƙashi ba ne. Abu ne can ciki, tsakanin ƙwauri da sharaɓa, kamar kiyashi sun sami hanya cikin ɓargo suna yawo. Ba ya sosuwa, domin ba a fata yake ba. Yana jira sai ka zauna ko ka kwanta, sannan ya taso da wata matsa wadda ba ta karɓar haƙuri: sai ka motsa ƙafar. Ka miƙe ka taka, ya lafa. Ka koma shimfiɗa, ya dawo. Da hantsi yakan ɓace kamar ba a yi ba, sai magariba ta kawo jiki ya fara sallama. Waɗannan alamomi su ne likitoci ke dubawa, kuma wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa ta tsara su a rubuce tun 1995, shekara goma kafin a fara tallan da kake magana a kai.

Ni ranar da na san nawa ya wuce wasa, ina da cikin fari wata bakwai, ana shirin bikin ƙanwar maigidana. Bayan isha'i mai ƙunshi ta zo, ta tsara mini lalle a ƙafa, ta naɗe da leda, ta ɗora safa, ta ce kada in kuskura in motsa sai ya kama. Mu shida ne a jere a kan tabarma, ana hira ana dariya. Ban yi minti ashirin ba abin ya taso. Na cije, na danne gwiwa da hannu biyu, na yi ta salati a zuci, zufa na keto mini. Da na ga zan yi ihu sai na miƙe na fara zagaya tsakar gida da ledar a ƙafa, lallen yana damewa yana fitowa ta tsakanin yatsu. Wata daga cikin dangin miji ta ce ban da haƙuri. Wata ta rage murya ta ce a nemo mini hayaƙi, ƙila iska ce. Na yi bikin nan da ƙafa jajir babu zane, kuma kunyar wannan dare ba ta sake ni ba har yau.

Sai daga baya na tuna mahaifiyata, Inna, Allah ya jiƙanta. Muna yara, kusan kullum bayan an kwanta za ta kira ɗayanmu, “Zo ka taka ni.” Mu hau sharaɓarta muna tattakawa har barci ya fara ɗibarmu. Wani daren ta ɗaure ƙwaurinta tamau da ɗankwali, wani daren ta shafa man zafi, wani daren kuma sai dai mu ji takunta a tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa madafi, daga madafi zuwa bakin rijiya. Idan an tambaye ta sai ta ce, “Ƙafar ce ta tashi.” Ta rasu a 1999. Ba ta jin Turanci, ba ta taɓa ganin tallan magani na Amurka ba, kuma a lokacin babu hukumar da ta amince da wata ƙwaya don wannan ciwo. To, Malam, wane kamfani ne ya tayar wa Inna ƙafa?

Ba a gidanmu abin ya fara ba. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana shi a rubuce tun 1672: mutanen da idan sun kwanta gaɓoɓinsu ke hana su barci. A 1945 likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken nazari a kansa ya ba shi sunan da ake kiransa da shi, shi ya sa wasu ke ce masa cutar Willis-Ekbom. A 1953 wani likitan Suwidin, Nils Nordlander, ya nuna allurar sinadarin ƙarfe tana kwantar da shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da maganin Requip na kamfanin GlaxoSmithKline don wannan ciwo ba sai a watan Mayu na 2005. Tsakanin Willis da wannan amincewa shekara 333 ne.

Lokacin da tallan ya fito ina zaune a Amurka, don haka da idona na ga abin da kai ka karanta. Amurka da New Zealand ne kawai ƙasashen da suka bar kamfanoni su tallata wa jama'a kai tsaye maganin da sai likita ya rubuta, kuma tun 1997 da aka sassauta ƙa'idar tallan talabijin abin ya zama ruwan dare. Requip asalinsa maganin cutar karkarwa ta Parkinson ne, aka nemo masa sabuwar kasuwa. A 2006 Mirapex na kamfanin Boehringer Ingelheim ya biyo baya. An kashe maƙudan kuɗi, an cika jaridu da cewa mutum ɗaya cikin goma yana da ciwon. Wannan zuzutawa ce, kuma ban zo kare ta ba. Babban binciken da aka wallafa a 2005, wanda aka yi a Amurka da ƙasashen Turai biyar, ya sami kusan kashi 7 cikin 100 na manya da ke jin alamun ko da jefi-jefi, amma waɗanda abin ke kama su aƙalla sau biyu a mako har ya dame su sosai kashi 2.7 ne. Ɗaya cikin goma daban, uku cikin ɗari daban. Sai dai uku cikin ɗari na manyan Amurka miliyoyin mutane ne, kuma su ka share da layi ɗaya.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce maƙalar da likitoci biyu na Dartmouth, Steven Woloshin da Lisa Schwartz, suka wallafa a mujallar PLoS Medicine a watan Afrilu na 2006. Na karanta ta fiye da sau ɗaya, kuma ina girmama ta. Sun bi labaran jaridu 33, suka nuna yadda 'yan jarida suka haɗiye alƙaluman kamfani ba tare da taunawa ba, suka cika shafi da labarin waɗanda magani ya yi wa kamar yankan wuƙa, kaɗan ne suka ambaci illa. Sun tuna wa mutane cewa a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, 73 cikin 100 na masu shan maganin sun ce sun sami sauƙi, amma 57 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta su ma haka suka ce. Tashin zuciya ya kama kusan 40 cikin 100 na masu shan maganin. Duk wannan daidai ne. Amma ka koma ka sake dubawa: likitocin nan biyu ba su ce ciwon ƙarya ne ba. Sun yarda akwai waɗanda yake gallaza wa sosai. Damuwarsu ita ce faɗaɗa da'irar har ta haɗiye masu lafiya. Kai ka ɗauki suka a kan faɗaɗawa ka mai da ita musun ciwon ɗungurungum. Ba kai ka fara wannan tsallake ba. Haka aka yi ta yi a Amurka a shekarun nan, har masu barkwanci na shirye-shiryen dare suka mai da mu abin ba'a.

A ƙarshen 2007 mujallar kare masu sayayya, Consumer Reports, ta fitar da wani ɗan bidiyo da ke bin tallan Requip daki-daki yana tsokaci. Manufar mai kyau ce, mujallar ma mai mutunci ce. Amma salon ya zo da sigar zolaya, kuma masu ciwon suka yi ca. Ka fassara wannan fushi da cewa kare kamfani ne. Ni ina cikin waɗanda ransu ya ɓaci, kuma ban taɓa cin sisin kowane kamfani ba. Abin da muke faɗa a lokacin mai sauƙi ne: ku soki tallan iya son ranku, amma ku sani idan kun yi dariya, ba shugaban kamfanin ke komawa gida da ita ba. Shi albashinsa na nan. Wadda dariyar ke bi har gida ita ce matar da ta yi shekara goma tana ƙoƙarin shawo kan mijinta cewa ba da gangan take shurinsa cikin barci ba, har sun raba gado. Shi ne direban babbar mota da ke neman a sauya masa aikin dare, shugabansa ya ce ai ya gani a talabijin, ciwon na ƙarya ne. Ni kaina na taɓa gaya wa wani likita sunan ciwon, ya yi murmushi ya ce, “Kin ga talla ke nan.” Na fito na zauna a mota na yi kuka mai isata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a shekarun nan kowa ya fi mu sanin ɗakinmu.

Na san za ka ce gidauniyar masu wannan ciwo ta Amurka ta karɓi tallafin kuɗi daga kamfanonin. Ta karɓa, kuma hakan ya rage wa muryarta nauyi, ya ba masu shakka makami. Amma an kafa ta ne tun 1992, marasa lafiya ne suka haɗa kansu lokacin da babu mai kallonsu. Kamfani ya tarar da su ne, bai haife su ba.

Akwai kuma abin da zai yi mini wuyar faɗa, amma gaskiya ce. A tallan nan na fara jin cewa abin da ke damuna yana da suna. Ina tsaye bayan kujera ina jijjiga ƙafa, sai na ji ana siffanta darena a talabijin. Na kira maigida na ce, “Zo ka ji, ga abin Inna.” Kafin ranar na ga likitoci a gida da waje, an ce gajiya ce, an ce damuwa ce, an ce in rage tunani. Ba yabon tallan nake yi ba. Abin kunya ne ga harkar lafiya a ce ciwon da ke cikin littattafai tun 1945 sai ɗan kasuwa ne ya fara gaya wa mai shi sunansa. Wannan giɓin kamfani ya gani ya shige. Da masu suka sun tambayi dalilin giɓin, da sun yi mana aiki.

Ana tsaka da ce-ce-ku-cen, a watan Yuli na 2007, wasu bincike biyu suka fito, ɗaya daga Iceland da Amurka, ɗaya daga Jamus da Kanada, suka gano ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ciwon, irin su BTBD9 da MEIS1. Binciken Iceland ya kuma nuna masu ɗauke da wannan gado ajiyar ƙarfen jikinsu ta fi ƙasa. Zuwa 2024 wuraren da aka gano a cikin ƙwayoyin gado sun kai 164. Da na ji labarin farko, Inna na tuna, da ɗankwalinta.

Yanzu ga inda na ce zan ƙara maka hujja, kuma nan ne ainihin abin da ke ci mini rai. Yayin da ake ta jayayya ko ciwon gaskiya ne, babbar ɓarnar tana faruwa a jikin waɗanda ciwonsu ba shi da shakka. Magungunan nan suna kwaikwayon sinadarin dofamin ne a ƙwaƙwalwa. Da farko suna aiki kamar sihiri. An rubuta mini ɗaya daga cikin irinsu, kuma daren farko na yi barcin da na manta akwai irinsa. Da asuba na yi sujadar godiya. Bayan shekara uku sai ciwon ya fara zuwa da la'asar maimakon dare. Aka ƙara yawan ƙwayar. Ya koma zuwa da azahar, ya hau cinya, ya shiga hannu. Aka sake ƙarawa. Na kai matsayin da ba na iya zaman tahiya sai ina muskutawa, jirgi kuwa daga Abuja zuwa Turai a tsaye nake yin yawancinsa, can baya kusa da ma'aikata. Na ɗauka ciwon ne ke girma. Ashe maganin ne ke hura shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. Richard Allen da Christopher Earley na jami'ar Johns Hopkins sun bayyana wannan ta'azzara tun 1996 a jikin masu shan maganin levodopa. Amma manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su wajen amincewa da sababbin magungunan na makonni 12 ne, alhali ta'azzarar sai bayan watanni ko shekaru take bayyana. Daga baya bincike ya nuna a kowace shekara kusan 7 cikin 100 na masu shan ɗaya daga cikinsu ke faɗawa ciki. Rabuwa da ƙwayar kuwa wata azaba ce; na yi kusan mako biyu barcina bai wuce na awa ɗaya ko biyu a dare ba.

Sannan ga ɗaya illar, wadda ka kawo a rubutunka a matsayin abin dariya, cewa wai maganin ƙafa yana sa caca. Yana sawa, Malam. Yana kwance wa wasu linzamin zuciya: caca, sayayya ba kai ba gindi, ci ba ƙoshi, sha'awar da ta wuce hankali. Mutane masu kamun kai sun wayi gari sun cinye kuɗin fanshonsu, aure ya mutu, mutunci ya zube, ba su san ƙwayar da ke kan teburin gadonsu ce sila ba. Ni Allah ya tsare ni daga wannan, amma ba da wayona ba. An ambaci illar a cikin tallan da sauri-sauri, masu ba'a suka mai da ita abin nishaɗi. Wanda aka riga aka gaya wa ciwonsa na ƙarya ne, da wane baki zai koma wurin likita ya ce maganin ciwon ya sa shi caca?

Marasa lafiyar da ka ce 'yan amshin shatan kamfani ne, su ne suka fi kowa ɗaga murya a kan waɗannan illoli, tare da 'yan tsirarun likitocin da suka saurare su. A 2012 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa waɗannan magunguna a sahun gaba. A ƙarshen 2024 ta juya: sabuwar ƙa'idarta ta ba da shawarar kada a riƙa ba da su a matsayin magani na yau da kullum, saboda ta'azzarar. Ta sa duba ƙarfen jiki da cike shi a gaba, tare da magunguna irin su gabapentin da pregabalin, waɗanda su ma suna da nasu haɗarin, ba abin shiga kemis a saya ba ne. Wato bayan duk hayaniyar, an dawo kusa da inda Nordlander ya tsaya a 1953. Ni ƙarin ƙarfe ta jijiya ne ya dawo mini da yawancin dararena, ko da yake ba duka ba.

Tallan kuwa tuni ya mutu. A 2008 wasu kamfanoni suka sami damar yin irin maganin Requip da araha, riba ta ragu, aka daina jin sa a talabijin. Idan talla ne ya haifi ciwon, ya kamata ya bi shi kabari. Bai bi ba. A 2019 wani bincike na jami'ar jihar Pennsylvania, wanda ya duba bayanan masu ciwon sama da 24,000, ya sami haɗarin kashe kai ko cutar da kai a cikinsu ya ninka na sauran mutane kusan sau 2.7. Wanda bai taɓa yin wata guda yana ganin fitowar alfijir a tsaye ba zai yi mamakin wannan adadi. Ni ban yi ba.

Na ce maganarka ta isa wani gida a Zariya. 'Yar yayata ce, wadda na goya a bayana, yanzu tana da ciki wata bakwai. Ciwon ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, kuma kusan mai ciki ɗaya cikin biyar takan gamu da shi, musamman a watannin ƙarshe. Yawanci yakan lafa bayan haihuwa. Masu wankin ƙoda ma suna yawan fama da shi, kuma maganin mura mai sa barci yana tayar da shi. A ƙasarmu, inda binciken lafiya na 2018 ya sami kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini, macen da ta ce ƙafarta na hana ta barci ta cancanci a duba jininta. Ta kira ni tana kuka, ta ce, “Umma, ƙafata ba ta bari in kwanta.” Mijinta yaron kirki ne, mai karatu, kuma yana ganin girmanka. Ya karanta rubutunka, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ciwon Turawa ne suka ƙirƙiro don sayar da magani.

Roƙona gare ka, Malam, ka bar duk abin da ka faɗa a kan kamfanoni yadda yake, ka ƙara da wanda na ba ka. Layi ɗaya nake so ka janye a fili, inda ka ce babu ciwon, domin yaron nan daga bakinka zai fi saurin karɓa. Na yi magana da shi ta waya kusan awa guda, na ba shi labarin kakar matarsa da takunta a tsakar gida. Ya yi shiru, sannan ya ce zai raka ta awo ranar Talata. Na sa ta rubuta sunan gwajin a takarda, feritin, wanda ke auna ajiyar ƙarfe a jiki, na ce ta nuna wa likita, kuma kada ta sha komai sai abin da ya rubuta mata. Kafin Talatar, na ce ya riƙa danna mata sharaɓa da dare.